Wane ma'auni za mu bi wajen zaɓar wa ɗaliban jinya wurin sitaji?

Malama Zainabu: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Makarantarmu ta ɗora mini alhakin raba ɗaliban jinya na shekara ta biyu zuwa wuraren sitaji, wato koyon aiki a asibiti, a Damagaram da kewaye, kuma ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a aikin. Ta yaya zan tantance inda ɗalibi zai koyi aiki da gaske? Iyaye dai kowa Babban Asibitin Ƙasa na Zinder yake nema wa ɗansa.

Alhaji Mamman, tsohon majo (shugaban ma'aikatan jinya na sashe): Wa alaikumus salam, Malama. Iyayen suna da hujja, domin can ake turo masu ciwo mai tsanani daga Gure, Tanut, Matamai da Magarya, kuma ɗalibi zai ga abin da ba zai gani a ƙaramar likita ba. Amma kafin ki duba girman asibiti, ki tambayi wanda zai tsaya a kan yaran. Ki je sashen da kanki da sassafe, lokacin da masu aikin dare suke miƙa wa na safe marasa lafiya. Idan kika tarar da ɗalibai a bakin gado riƙe da takarda, ana tambayarsu zafin jikin wannan da adadin fitsarin wancan, to wurin koyo ne. Idan kuwa suna jingine a baranda sai an aike su karɓo sakamakon awon jini, sun zama 'yan aike. Ki kuma ƙirga kawuna, domin ɗaliban ENSP (makarantar gwamnati ta koyar da aikin kiwon lafiya) da na Jami'ar André Salifou da na makarantu masu zaman kansu kan haɗu a sashe ɗaya, alhali majo ɗaya ne.

Hajiya Hadiza, ungozoma: Baba Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai ina roƙon kada a raina CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa ko ƙauye. A can ne ɗaliba take yin awon ciki da hannunta, ta yi wa jarirai rigakafi, ta yi gwajin masassarar cizon sauro, ta ɗaura tsinken awo a damtsen yaro ta gane cewa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Sharaɗina ɗaya ne: kada a kai ta inda ma'aikaci guda ne tak, domin ranar da ya tafi taro ita za a bar wa ɗakin.

Malam Isufu: Malama, ki lura da lokaci ma. Daga Agusta zuwa Oktoba sassan yara kan cika maƙil da masu masassara da tamowa, kamar yadda aka sani a Magarya, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi shekaru tana tallafa wa sashen yara. Wanda hannunsa ya fara faɗawa zai ƙaru ƙwarai a lokacin, amma sabon shiga ba zai samu mai bi masa aiki daki-daki ba.

Ramatu: Iyayena, ku yi mini izini in sa baki, ni da ban daɗe da gamawa ba. A wani sashe da na zauna, an sa mini hannu a karnen sitaji, wato littafin da ake rubuta makin ɗalibi, a ranar ƙarshe, an ba ni maki mai kyau, alhali wanda ya sa hannun bai taɓa ganin na sa wa majinyaci ƙarin ruwa ba. Makin karne ba ya nuna ingancin wuri. Ku tambayi ɗaliban da suka dawo, a rubuce kuma ba tare da suna ba, sau nawa aka tsaya a kansu aka gyara musu aiki. Sannan a duba ruwa da sabulu, safar hannu, da akwatin zuba allura, a kuma tabbatar an yi musu rigakafin ciwon hanta nau'in B, sun kuma san wanda za su sanar idan allura ta soke su, tunda maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin sa'o'i 72.

Malama Zainabu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara zagayen safiya a mako mai zuwa. Alhaji, shin ya dace in sanar da majo kafin in zo?

Alhaji Mamman: Ki sanar da shugaban asibitin a rubuce, wannan haƙƙinsa ne, ki kuma gaisa da majon tun da wuri, amma kada ki faɗi ranar.