Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Transition" Idan Ana Maganar Motsa Jiki?

1/ Jama'a, masu harshe nake nema. Akwai wasu shawarwarin lafiya a hannuna da nake son rubutawa da Hausa, a kan motsa jiki ga mutanen da ke sauya jinsi: mai shan magani wane nauyi zai ɗaga, wanda aka yi wa tiyata yaushe zai koma gudu, da makamantansu. Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro, wadda Turawa ke cewa "transition". Duk abin da na sa a gurbinta sai in ga bai zauna ba.

2/ Tun kafin a fara jifa: ba fatawa na zo bayarwa ba. Likita, ɗan jarida, mai horar da 'yan wasa, har wanda bai yarda da abin ba sam, kowa yana bukatar kalmar da za ta faɗi abin da ake nufi ba ƙari ba ragi.

3/ Abin da muka saba ji a labarai shi ne "sauya jinsi", kuma ba ni da ja a kansa idan mutane ake nufi: masu sauya jinsi. Matsalar ita ce kunnen Bahaushe yana jin sa kamar abu ne na rana ɗaya, an shiga ɗakin tiyata an fito, magana ta ƙare. Alhali da yawa ba sa yin tiyata ko kaɗan, kuma waɗanda ke shan magungunan homon, wato sinadaran da ke ba jiki siffar namiji ko ta mace, jikinsu shekaru yake ɗauka yana canzawa. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta fitar a 2017 sun ce mai karɓar tastostaron, wato homon na maza, yakan fara ganin ƙarin tsoka da ƙarfi tsakanin wata 6 zuwa 12, abin kuma ba ya kai ƙarshensa sai shekara 2 zuwa 5. Mai shan istrojin, wato homon na mata, tare da maganin danne tastostaron kuwa, tsokarsa takan fara raguwa tsakanin wata 3 zuwa 6, ta ci gaba har shekara 1 zuwa 2, kitse kuma ya riƙa komawa ƙugu da cinyoyi a hankali. To ina rana ɗaya a nan?

4/ A fagen motsa jiki wannan bambancin shi ne komai. Sassan jiki ba tare suke tafiya ba, wani ya yi gaba wani yana baya. Wata bitar bincike da aka buga a 2021 ta nuna cewa a wajen masu shan homon na mata, himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iska mai kyau a cikin jini, yakan sauka zuwa matakin na mata cikin wata 4 kacal. Ƙarfin tsoka kuwa yana raguwa ne sannu-sannu, har bayan wata 36 bai sauka zuwa matakin na mata ba. Ma'ana, mutum zai iya ɗaga ƙarfen da ya saba ɗagawa, amma ya ga haki ya kama shi a sassarfar da da can ba ta dame shi ba. Idan ba a faɗa masa a wane wata yake ba, sai ya ɗauka lalaci ne ko wata cuta, ya ƙara matsa wa kansa. Kalmar da nake nema dole ta iya ɗaukar tambayar "ina aka kai?"

5/ Ga waɗanda na gwada na ajiye. "Rikiɗa" ita ce ta fara zuwa bakina, na kuwa tofar da ita nan take, domin rikiɗa ta tatsuniya ce, mutum ya zama kura da tsakar dare, ko hawainiya. Ba a rubuta ta a takardar asibiti. "Juyi" ta tafi siyasa, an riga an ba ta juyin mulki da juyin juya hali. "Ƙaura" ta ɗan burge ni saboda tana da tafiya a cikinta, amma mai ƙaura da kayansa yake tashi ya bar gida, shi kuwa wannan a cikin jikinsa yake zaune. "Canji" kuma ta yi faɗi, har ragowar kuɗi canji ne.

6/ Malama, na ga amsarki, Allah ya ƙara basira. Kin ce me zai hana "balaga ta biyu". Na daɗe ina juya ta, domin ta kama wani abu na gaskiya: murya ta buɗe, ƙuraje a fuska, yawan ci, yawan gumi, jiki yana canza siffa ba tare da ya nemi izini ba. Kuma duk wanda ya taɓa horar da matasa ya san cewa jikin da ke kan girma ba a yi masa lodi lokaci guda. Amma tana da gibi biyu. Na farko, magani kawai ta rufe, ta bar wanda ya canza suna da sutura bai sha komai ba, ta bar wanda ke jinyar tiyata. Na biyu, balaga a wurinmu kalma ce mai nauyin hukunci, ba ta jiki kaɗai ba ce, kuma ba na son mai karatu ya bar maganar tsoka ya tafi can. Zan riƙe ta a matsayin kwatance a cikin bayani, Malama, amma ba ita ce sunan ba.

7/ Abin da na tsaya a kai shi ne "zangon sauyi", idan ana son cikawa a ce "zangon sauyin jinsi". Zango yana da farko yana da ƙarshe, ana yada shi ana tashi, kuma tafiya ɗaya tana iya ƙunsar zango da yawa. Mun riga mun yarda da shi a zangon karatu da zangon mulki, ba baƙo ba ne a ma'anar wani yanki na lokaci. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yana rarrabuwa ba tare da an tilasta masa ba: zangon suna da sutura, zangon magani, zangon tiyata, zangon jinya. Ba kowa ke bin dukansu ba, wani a na farko yake tsayawa, kalmar kuma ba ta ce sai an kai ƙarshe ba.

8/ Kalma ba ta zama kalma sai an ɗora mata kaya an ga ko za ta ɗauka. Ku saurara:

"A zangon magani, mai karɓar tastostaron ya riƙa ƙara nauyin ƙarfe kaɗan-kaɗan, domin tsoka ta fi agara saurin sabawa da nauyi."

"A zangon jinya bayan tiyatar ƙirji, galibi likitoci kan hana ɗaga abu mai nauyi da miƙa hannu sama har mako 4 zuwa 6, don kada ɗinki ya buɗe ko tabo ya yi faɗi."

"Bayan tiyatar al'aura, tafiya a hankali ita ce atisayen farko, hawa keke da ninƙaya kuwa sai bayan kusan wata 3."

A kunnena sun zauna. Ku sa "sauya jinsi" a gurbin, za ku ji jimlar tana ɗingishi.

9/ Ranka ya daɗe likita, na gode da gyaran, kuma ka yi gaskiya: a shawarar motsa jiki gara a kasa mutane bisa maganin da suke sha, ba bisa sunan da ake kiransu ba. Na karɓa. Zan rubuta "masu shan homon na mata" da "masu karɓar homon na maza", domin abin da mai horarwa ke bukatar sani ke nan. Misalin da ka kawo ma ya isa hujja. Sifironolakton, wanda ake yawan haɗawa da istrojin don danne tastostaron, asalinsa maganin sa fitsari ne, yana fitar da ruwa da gishiri amma yana riƙe fotasiyam, wani sinadari da ke cikin jini. Mai shan sa idan ya yi gumi sosai bai sha ruwa ba, jiri na iya ɗibar sa da ya miƙe tsaye, kuma bai kamata ya kama shan ƙarin fotasiyam don maganin ɗaurewar tsoka ba sai da sanin likita. A ɗaya ɓangaren, tastostaron yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke taimakon numfashi a wajen gudu, amma idan ya wuce kima jini ya yi kauri, shi ya sa ake gwajin jini lokaci-lokaci. Mutum biyu, duka a zangon magani, shawararsu ta yi hannun riga.

Ka kuma tuna mini da ƙashi. Wanda aka cire wa 'ya'yan maraina ko ƙwan mahaifa, idan ya dakatar da homon, ƙashinsa yakan fara rauni, don haka tafiya, hawa bene da ɗaga nauyi suna cikin abin da ake ba shi shawara. Wannan wani zango ne da ba ya cikin lissafina sai da ka faɗa.

10/ Tunda an taru, ga kalma ta biyu, ita kuwa kuskure a cikinta yana iya kai mutum asibiti. Turawa na cewa "binder", wata matsattsiyar riga ce da ake sawa don ƙirji ya kwanta. Wani ɗan'uwa ya ce a kira ta "bandejin ƙirji". Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, wannan kam a'a. Abu na farko da ake gargaɗi a kai shi ne kada a naɗe ƙirji da bandeji mai talewa ko salatif, domin bandejin yana ƙara matsewa duk lokacin da aka motsa, yana hana haƙarƙari buɗewa. Idan muka raɗa wa rigar suna bandeji, mun aika mai karatu ya sayo abin da ake hana shi da kanmu. "Ɗamarar ƙirji" ma haka, ɗamara ana ja ne a ƙulle iya ƙarfi. "Rigar mama" kuma tallafa take yi, wannan dannewa take yi.

Na zaɓi "rigar danne-ƙirji". Kalmar riga tana nuna abu ne ɗinkakke mai awo, ana sawa ana cirewa. Ko ita ɗin ma ba lafiya lau ba ce: wani bincike da aka buga a 2017 a kan mutum 1,800 masu danne ƙirji ya samu kashi 97 cikin 100 sun yi kukan aƙalla matsala ɗaya, irin su ciwon baya, ciwon ƙirji, zafin jiki da ƙarancin numfashi. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ta wuce awa 8 a jiki, kada a kwana da ita, kuma kada a yi gudu ko ɗaga ƙarfe a cikinta. A nemi wadda ta fi sakewa ko rigar mama ta 'yan wasa.

11/ Masu cewa "ai mata-maza ne, me ake wahala", ba abu ɗaya ba ne. Mata-maza wanda aka haifa ne da halittar da ba ta fito sak namiji ko mace ba, nasa bayanin likitanci daban. "Ɗan daudu" ma tana da nata ma'anar, ba ta ce komai a kan magani ko tiyata ba. Wanda kuma ya ce a sa "cutar", Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da lamarin daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a bugu na 11 na kundinta na rarraba cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022. Rubutun da nake yi na lafiya ne, da wannan kundin zan daidaita shi.

12/ An tambaye ni batun gasa. Wannan wata rijiya ce, leƙawa kawai zan yi. A 2015 kwamitin Olamfik ya sa wa mai sauya jinsi da ke son shiga rukunin mata sharaɗin awon tastostaron a jininsa ya kasance ƙasa da nanomol 10 a lita har wata 12, a 2021 ya bar wa kowace hukumar wasa ta yanke nata. Hukumar ninƙaya ta duniya a 2022 da ta guje-guje da tsalle-tsalle a 2023 sun rufe rukunin mata ga wanda ya riga ya yi balagar namiji. Abin lura ga aikinmu shi ne duk waɗannan dokokin lissafin watanni da matakai suke yi, kuma zango yana iya faɗin su. Amma yawancin masu karanta rubutuna ba lambar yabo suke nema ba. Abin da ke gabansu shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako da kwana 2 na ƙarfafa tsoka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowane baligi shawara a 2020, da yadda za su cika shi da jikin da awonsa ke canzawa duk bayan 'yan watanni.

13/ Yaya, na ji ƙorafinki cewa zango wurin hutawa ne, ba tafiyar ba. A asali haka ne, amma ai mukan ce "saura zango biyu mu isa", nan kuwa tazarar muke nufi. Bakin mutane ya riga ya ba shi duka biyun.

14/ To ga abin da zai shiga rubutun: zangon sauyi, da rassansa na magani, tiyata da jinya, rigar danne-ƙirji, homon, tastostaron da istrojin a yadda muke furta su. Saura guda ɗaya da ban warware ba. A jimlar farko ta lamba 8 na sa "agara" don zaren da ke haɗa tsoka da ƙashi, saboda "jijiya" ta ɗauki hanyar jini, ta ɗauki mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, ta ɗauki wannan ma, kuma idan na ce "kada ka yi wa jijiya lodi" ba wanda zai san wacce nake nufi. Sai dai wasu sun ce a wurinsu agara ta bayan diddige ce kawai, ba a cewa agarar kafaɗa. Likita, Malama, idan mutum ya ji ciwo a kafaɗa wajen ɗaga ƙarfe, wace kalma kuke jin yana faɗa?