Neman shawara: ƙanena ya kamu da tari bayan mun kwaso kashin jemage a kogo

Mai tambaya, manomin rani daga Toro:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da lambun tumatir da attaruhu a bakin rafi, kuma tsadar takin zamani ce ta sa bana muka nufi wani kogo da ke cikin duwatsun bayan ƙauyenmu, inda jemagu suka daɗe suna kwana har kashinsu ya taru ya yi tudu. Mu uku muka je, ni da ƙanena da yaron maƙwabcinmu, muka yi kwana biyu muna tara shi da shebur muna durawa a buhuna. Ƙanena ne ke can ƙurya yana haƙa, kuma wurin ya bushe ƙwarai, ƙura na tashi har hasken tocila ba ya ratsa ta. A jikin dutsen da ke da laima mun ga wani farin abu kamar auduga da wasu baƙaƙen tabo, irin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu.

Kwana 12 da dawowarmu zazzaɓi ya rufe shi, tare da busasshen tari da ciwon ƙirji da kasala. Mun sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis ya shanye, amma yau mako uku ke nan tarin bai lafa ba, yana gumi da dare, kuma ya fara ramewa. Mahaifiyarmu ta tsaya a kan cewa mutanen ɓoye muka taɓa, wasu kuma na cewa tarin fuka ne. Shin farin abin nan ne ya jawo? Zai iya harbin 'ya'yansa? Kuma yaya zan yi da buhu 11 da na jibge a zaure?

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen asibiti, daga Gombe:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Ka kai shi babban asibiti gobe da safe, kada ka ƙara sayen komai a kemis, domin tarin da ya wuce mako biyu tare da gumin dare da rama abu ne da dole a gwada. Za su karɓi kakinsa su yi gwajin tarin fuka da na'urar GeneXpert, wanda kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma mai yiwuwa su ɗauki hoton ƙirjinsa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: ka faɗa wa likita da bakinka cewa ya yi kwana biyu yana haƙar busasshen kashin jemage a cikin kogo, ko da bai tambaye ka ba. Akwai wata funfuna mai suna Histoplasma da ke rayuwa a ƙasar da ta cakuɗe da kashin jemage ko na tsuntsaye. Idan an tone ƙasar, ƙwayoyin irinta, waɗanda ido ba ya gani, sukan bi ƙura su shiga huhu, kuma alamun cutar kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 17, wato kwana 12 ɗin da ka ambata ya faɗa daidai cikin wannan tsakani. Wahalar ita ce cutar tana kama da tarin fuka a alamunta, har ma a hoton ƙirji, shi ya sa akan ɗora mutum a kan maganin tarin fuka na wata shida alhali ba shi ke damunsa ba. Maganin ƙwayoyin bakteriya ba ya kashe funfuna. Tana da nata maganin, itirakonazol, sai kuma amfoterisin B da ake ƙarawa ta jijiya idan ta yi tsanani, kuma likita ne kaɗai zai yanke wanda ya dace bayan ya tantance ciwon. Mutane da yawa sukan shaƙe ta su warke ba tare da magani ba, amma wanda ya shaƙi ƙura mai yawa a rufaffen wuri yana iya jin jiki sosai.

Dattijo, tsohon mai haƙar kuza:

Ɗana, ka bi shawarar da aka ba ka. Na yi shekaru ina shiga rami tun ina saurayi, kuma farin abin da ka gani mun saba ganinsa a jikin itatuwan da muke tokare rami da su, musamman da damina idan ruwa ya fara tsattsafowa. Itacen da ya yi wannan furfurar ba ma yarda da shi, domin ya fara ruɓewa ta ciki ko da bayansa na nuna ƙarfi. Amma ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa iskar ramin ma tana ɗauke da wani abu ba, tsummar rawani kawai muke ɗaurawa a hanci. Abokan aikina da dama tari ne ya kwantar da su a ƙarshen rayuwarsu.

Malama mai koyar da ilimin ƙananan halittu, daga Bauchi:

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka lura da shi game da itacen gaskiya ne, funfuna ce ke cin sa, kuma illarta ba ta tsaya ga ruɓar da shi ba. A ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, tsakanin 1941 da 1944, ma'aikata kusan 3,000 sun kamu da wani gyambon fata wanda funfunar Sporothrix ke jawowa, aka kuma gano cewa daga itatuwan tokare rami take shiga jikinsu ta ƙananan raunuka da sartse. Da aka fara shafe itatuwan da maganin kashe funfuna sai annobar ta lafa. Shi kuwa tarin tsofaffin mahaƙa, sau da yawa ƙurar dutse ce ke daskarar da huhu, ita ma kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Ga mai tambaya kuma, ina so in raba maka abu biyu da suka haɗe a zuciyarka. Farin abin da ka gani a jikin dutse ba lallai ne shi ya kwantar da ƙanenka ba. Kogo wuri ne mai duhu da laima, zafinsa ba ya sauyawa sosai, saboda haka duk abin da ya faɗa ciki, ko kashin dabba ne ko mataccen ƙwaro ko guntun itace, funfuna za ta hau shi. Waɗanda aka fi samu idan an auna iskar kogo su ne dangin Aspergillus da Penicillium da Cladosporium, kuma yawancinsu ba sa cutar da mai lafiya, domin kullum muna shaƙar irinsu a gidajenmu da rumbunanmu. Wadda ake tsoro, wato Histoplasma, tana cikin busasshiyar ƙasar da kuka dura a buhu, kuma ba ta da wata alama da za ka gane ta da ido.

Kada a ɗauka cutar ƙasashen waje ce. Akwai nau'inta na Afirka, wanda ake kira duboisii, da ya fi taɓa fata da ƙashi da kaluluwa, kuma a Najeriya ne masu bincike suka same shi a cikin ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a jihar Anambra, suka wallafa sakamakon a 1994. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 da suka fi barazana ga lafiyar ɗan Adam, Histoplasma na ciki. Abin da ke damuna shi ne yadda muke da koguna da tsofaffin ramukan kuza birjik daga Toro har zuwa Filato, ga kuma masu haƙar farar ƙasa a Alƙaleri, amma da wuya ka ji an tambayi mai tari inda yake aiki.

Ma'aikaciyar jinya, daga Azare:

Yaya, game da yaran, cutar funfunar nan ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum, amma tarin fuka yana yi, don haka kafin sakamako ya fito ya riƙa kwana a ɗaki mai iska shi kaɗai, yana rufe baki idan zai yi tari. Buhunan da ke zaure sun fi ba ni tsoro a kan yaran fiye da mahaifinsu. Ka fitar da su daga gida yau, ka yayyafa wa wurin ruwa kafin a share, kuma kada ƙananan yara da tsofaffi da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su kusance su. Idan likita ya nemi yi masa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, kada ransa ya ɓaci, domin a jikin irin waɗannan majinyata ne funfunar ke bazuwa ta yi kisa, shi ya sa ake dubawa. Ita kuma Inna a lallashe ta, a ce mata a ci gaba da addu'a a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Malamin gona, daga Kaltungo:

Takin yana da kyau, ba sai ka yi asararsa ba, kuma ba ta hanyar tumatir ake ɗaukar cutar ba, ta numfashi ce. Ka kai buhunan gona, ka jiƙa su sharkaf kafin ka kwance bakinsu, ka binne takin a cikin ƙasa yana da danshi maimakon watsa shi a iska. Ka sa takunkumi nau'in N95 wanda ya kama fuska sosai, domin rawani ko ƙyalle ba sa tare ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta, kuma ka tuɓe kayan aikin ka jiƙa su a can gona. Kogon kuwa ina ganin ku haƙura da shi, ku koma ga takin shanu da na bola.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yamma na kwashe buhunan zuwa gona, yau kuma mun je asibiti da sassafe. An karɓi kakinsa an ɗauki hoton ƙirji, kuma da na ba likita labarin kogon sai ya ajiye biro ya sa na maimaita masa tun daga farko, har ya tambayi kwana nawa muka yi da kuma ranar da zazzaɓin ya fara. Ya ce mu dawo jibi, ni ma in zo a duba ni, in kuma taho da yaron maƙwabcinmu, wanda mahaifinsa ya shaida mini ɗazu cewa shi ma ya kwana uku yana tari.