Bishiyata ta ci 99, a gwaji ta faɗo 71: wanne zan rubuta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kammala digiri a nan Bauchi, kan bayanan manoman Dass da Ganjuwa da Darazo: wa ya biya bashin taki, wa bai biya ba. Na gina bishiyar rarrabewa (tsarin da ke hasashen wa zai biya, wa ba zai biya ba) da rpart, wani ƙunshi a manhajar nazarin bayanai ta R. A bayanan da ta koya da su ta ci 99 cikin 100, a kashi 30 da na ware don gwaji kuwa 71. Na yi ta sauya cp (ma'aunin da ke iyakance yawan rassan bishiyar) ina leƙa sakamakon gwajin har ta kai 80. Wanne zan sa a babi na huɗu? Don Allah a taimaka, kwana ya ƙure.

Malama daga Azare: Wa alaikumus salam ƙanena. Ko ɗaya. 99 ɗin hadda ce, kamar ɗalibin da ya ga tambayoyi kafin jarrabawa. 80 ɗin ma ba ta tsira ba, domin da bayanan gwaji ka zaɓi cp, ka ga sun shiga cikin koyon ke nan. Sau ɗaya tak ake taɓa su, a ƙarshe. Zaɓen cp aikin gwajin karɓa-karɓa ne: a raba bayanan koyo gida 10, a koya da 9, a gwada da 1, har kowane gida ya samu nasa zagaye. rpart na yin wannan da kansa. Buga umarnin printcp, duba xerror (kuskuren gwajin karɓa-karɓa) mafi ƙanƙanta, ƙara masa xstd (ma'aunin tangal-tangal ɗinsa), ka ɗauki bishiya mafi ƙarancin rassa da xerror ɗinta bai haura wannan adadi ba, ka datse da umarnin prune. Kuma xerror ba kuskuren kai tsaye ba ne, sai ka ninka shi da kuskuren tushe, wato kuskuren da ake samu kafin bishiyar ta yi reshe ko ɗaya.

Ɗan Gombe: Malam, kashi nawa ne suka biya?

Mai tambaya: Kusan 78.

Ɗan Gombe: To ai ko ba bishiya, wanda ya ce kowa zai biya ya ci 78. Fito da teburin daidai da kuskure, mu ga cikin waɗanda ba su biya ba mutum nawa ta kamo. Su ne damuwar mai ba da bashi.

Malama daga Azare: Na ƙara da wannan: 'yan ƙauye ɗaya damina ɗaya ta same su, kasuwa ɗaya suke ci. Ka raba bayanan ƙauye-ƙauye, kada ƙauye ɗaya ya faɗa koyo da gwaji lokaci guda. Ka kuma rubuta a fili cewa ka leƙa bayanan gwajin farko.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Malama. Da daddare zan turo printcp ɗin.