Akori-kurata 504 tana mutuwa a hanya, in ta huta ta tashi

Direban Dawanau:
Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka min da shawara, abin nan ya ishe ni. Ina da akori-kura 504 mai fetur, haɗin Kaduna, wadda na gada wurin mahaifina. Da ita nake ɗauko gero da wake daga wajen Ɗambatta zuwa Dawanau. Tun shigowar zafin nan ta ɓullo da wani hali. Da safe mukulli ɗaya take tashi, silo (aikin injin a tsaye) lafiya lau, amma in na yi kamar kilomita 20 da lodi sai ta fara shaƙuwa, in taka totur ta ƙi amsawa, can sai ta mutu. In na bar ta minti goma ko sha biyar sai ta tashi kamar ba ita ba. Jiya sau uku ta yi min haka, da buhu goma a baya, mai kayan yana zaune kusa da ni yana ta tsaki.

An canza filogi huɗu, an canza kwantak, an wanke kafireta har sau biyu. Yanzu bakanikena ya ce in kawo kuɗin fil-famfo, wato famfon da ke kai mai kafireta. Ni kuwa na gaji da sayen kaya a kan "wataƙila".

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Maigida, kwayil ne, abin nan da ke ba filogi wuta. Tawa ta taɓa yin haka sak. In ya tsufa, da ya ɗau zafi sai wuta ta yanke, in ya huce ta dawo. In ta sake mutuwa ka taɓa shi, in ba ya taɓuwa don zafi to shi ne. Jiƙa tsumma ka naɗa masa, zai kai ka gida.

Tsohon Bakanike:
Ɗan Tasha, maganarka tana kan hanya, amma kada mu sa shi ya ƙara sayen wani abu a makance. Kuma kwayil ko lafiyayye ne yana zafi a watan Afrilu.

Ɗana, injin fetur in ya mutu a tafe, ko mai ya yanke masa ko wuta. Wannan za ka fara rabewa, kuma a bakin titi, lokacin da ta mutu, ba a gareji ba. A gareji ta riga ta huce, shi ya sa bakanikenka ke lalube.

Da ta mutu, buɗe bonet ka cire murfin iya-kilina, wato matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireta, ka ja totur da hannu sau biyu. In akwai mai a ciki za ka ga ya yi tsartuwa siriri. In ka ga tsartuwar, koma wajen wuta: zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, ka riƙe ta da busasshen tsumma kusa da ƙarfen injin, yaronka ya murza mukulli. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake so. Amma ka mayar da murfin iya-kilina tukuna, fetur ba ya wasa.

Ni dai yadda ka ce tana shaƙuwa kafin ta mutu, hankalina ya fi kwanciya a kan mai. Wuta yawanci ɗif take ɗaukewa. In kuwa mai ne, ba lallai famfon ba. Famfon 504 a jikin injin yake, injin ne ke kaɗa shi, tsotso yake yi tun daga tanki. Duk abin da ya toshe hanya a baya, shi za a ɗora wa laifi. In robar cikinsa ta yage, sau da yawa za ka ji warin fetur a baƙin mai, ka ga ya ƙaru a sandar gwaji. Duba wannan, kyauta ne.

Sannan ka amsa min: lita nawa kake sha a lokaci guda, kuma marfin tankinka na asali ne?

Direban Dawanau:
Baba, na gode. Baƙin mai ba wari, bai ƙaru ba. Gaskiya tun da aka cire tallafi a 2023 ban ƙara cika tanki ba, lita 10 ko 15 nake sha, wani lokaci a galan wurin 'yan bumburutu in dare ya yi min a ƙauye. Marfi kuwa ya ɓace tun bara. Na daɗe ina toshewa da leda da tsumma kafin na samu wani na roba a kasuwa.

Tsohon Bakanike:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Tankin ƙarfe in kullum man cikinsa a ƙasa yake, raɓa na taruwa a ciki, tsatsa ta kama. Ga ƙurar da ta bi ta tsumma. Sabon marfin ma abin zargi ne: in ba shi da hanyar iska, famfo yana jan mai, iska ba ta shiga, har ya kasa ja. In ta mutu ka kwance marfin ka saurara, in ka ji "fuuu" to shi ne.

In ba shi ba ne, samu galan mai tsabta da lita huɗu, ka cire tiyon da ya zo daga tanki a bakin famfo, ka sa wani tiyon daga galan ɗin. Ɗaure shi da kyau nesa da salansa, ba sigari, ka bi hanyar da ta saba mutuwa. In ta wuce lafiya, famfo da kafireta sun fita daga zargi, sai a sauke tanki.

Direban Dawanau:
Baba, Allah ya saka da alheri. Da ta mutu ranar Talata na leƙa kafireta, a bushe. Marfi bai yi ƙara ba. Na sa galan, ta kai ni har gareji ko tari ba ta yi ba. Muka sauke tanki. Tsatsa ta kai cikin gwangwanin madara, sannan ga wani guntun baƙar leda kamar tafin hannun yaro. Ashe shi ne ke mannewa a bakin bututun da ke tsotsar mai, in injin ya mutu ya sake shi ya koma yawo. An wanke tankin, an hura bututun da iska, an sa sabuwar filta ta roba mai gani-har-hanji kafin famfo. Kwana huɗu ke nan ba ta mutu ba.

Ɗan Tasha, kwayil ɗin dai yana nan da zafinsa.

Tsohon Bakanike:
Madalla. Ka riƙa duba filtar nan duk mako, don ragowar tsatsa za ta ci gaba da fitowa. In ta yi ja ka canza, ka kuma ajiye guda a ƙarƙashin kujera.