Neman shawara: zan kai surukaina gidan abinci a Bauchi, ta yaya zan gane wurin da ba zai ba ni kunya ba?

Mai tambaya, Yelwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Surukaina za su zo daga Kano ganin jariri ranar Asabar ta sama, su goma sha huɗu: dattawa maza uku, iyaye mata biyar, sauran matasa da yara. Maiɗakina tana jego, gidan kuma ɗaki biyu ne, shi ya sa na yanke in kai su gidan abinci bayan azahar. Naira dubu 100 na ware. Fargabata abin da ya same ni kwanakin baya a wani wuri da ba zan kama sunansa ba. Wuri fes, ga sanyi, amma mun fi awa guda muna jira, shinkafar ta fara tsami, lissafin kuma ya ɗara abin da ke rubuce a takarda. Don Allah waɗanda suka san harkar, me ake dubawa kafin a kai manya wuri?

Mai girkin biki, Fadaman Mada:

Wa'alaikumus salam. Allah ya raya, ya ba maijego lafiya. Ƙanina, kada ka kai baƙi inda bakinka bai taɓa ba. Ka zaɓi wurare biyu, ka je ranar Laraba ko Alhamis tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, lokacin da ciniki ya kankama. Idan a wannan lokacin kujeru ba kowa, abin da ke tukunyarsu ya daɗe yana jiran mai saye. Kafin ka buɗe takardar abinci, tambayi mai sabis: me aka sauke yanzu? Wanda ya san kicinsu zai faɗa maka nan take. Kuma ka yi hattara da wurin da ya jera abinci kala arba'in a takarda alhali teburinsa goma ne. Mafi yawansu daga firiza za su fito.

Ka sayi shinkafa faranti ɗaya, tuwo malmala ɗaya da miya, da nama yanka ɗaya. Dafa-dukar da aka sauke ba da jimawa ba tana wara-wara, tana tururi har tsakiya, launinta iri ɗaya ne. Ta ɗumame kuwa gefenta a bushe, tsakiyarta a caɓe, wani wurin zafi wani wurin sanyi. Tuwon shinkafa ka gutsura daga tsakiya: in akwai gudaji ko tsaba, an tuƙa shi cikin gaggawa kafin shinkafar ta nuna. In ya yi ɓawo a sama ko ruwa ya kwanta a cikin ledar, tun safe yake.

Miya ita ke tona asirin mai girki. Ɗanɗana ta zallarta, ba tuwo. Kuka ta gari tana da kauri da ƙamshin daddawa, ba ta ɗaci, ba ta baƙi ƙirin. In ta tsinke, ruwa ya ware gefe, an tsawaita ta ne don ta kai yamma. In kuwa gishiri da dunƙule ne kawai ke tashi, har ka ji ƙishirwa ta kama ka bayan loma uku, babu romon kirki a cikinta. Miyar tumatir da ke tsami ba a soya kayan miyar sun ƙone ruwansu ba. Sai mai. Dubi soyayyen dankali ko ayaba: in sun yi duhu alhali cikinsu bai gama nuna ba, ko suka bar maka maƙaƙi a wuya, man ya sha suya har ya gaji, kuma da shi za a soya kazar surukanka.

Duba-gari mai ritaya:

Mai girkin biki ta gama da baki, ni zan yi na ido. Malam, shiga banɗakinsu tukuna. Akwai ruwa? Akwai sabulu a wurin wanke hannu? Inda ba a ajiye wa baƙo sabulu ba, da wuya a ajiye wa ma'aikaci. Daga nan ka zagaya bayan gini ka ga kwata da kwandon shara, ko a rufe yake ko ƙuda ya yi masa rumfa. Dubi tsumman goge tebur, dubi kuma ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗaukar nama.

Ƙa'idar da ake aiki da ita: ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a dafaffen abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas. Ko dai abinci ya zauna da zafinsa yana tururi, ko ya shiga firji. In ya zauna a tsakani, kada ya wuce awa biyu, a zafin Maris da Afrilu na garin nan ma awa ɗaya ce. Shinkafa ta fi ban tsoro, domin akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta gamawa da ita. Shinkafa na hucewa sai ta farfaɗo ta saki guba, ɗumamawa kuma ba ta kashe gubar. Sau da yawa ba wari ba tsami, sai dai amai cikin awa ɗaya zuwa shida. Taka da ta kai ga tsami ta yi nisa ƙwarai.

Da dattawa da yara a tafiyar, ka cire haɗin kabeji mai mayonis daga oda, sai in a gabanka aka fito da shi daga firji da sanyinsa. Haka kunun aya, 'yan awoyi kaɗan yake yi a waje ya juya. Ruwan gora ka tabbata murfinsa a liƙe yake, da lambar NAFDAC. Ka kuma tambaye su ko injinsu yana ɗaukar firiza in an ɗauke wuta, don kazar da ta narke ta sake daskarewa sau biyu sau uku ita ce mai ƙarnin nan da yaji ba ya ɓoyewa.

Mai masa, Wunti:

Haba Yaya, mutanen Kano su zo Bauchi ka tare su da soyayyiyar shinkafa? Ai suna da ita a gida. Masa za su tambaya in sun koma. Sai dai masa abincin safe da yamma ce, wadda za ka samu ƙarfe biyu a yawancin gidajen abinci ta safe ce aka ɗumama. Ka tambaya ko suna da tanda a wurin, su soya a lokacin. In babu, nemi izininsu ka shigo da ita daga waje, don wasu ba sa yarda.

Ga yadda ake gane ta. Gefenta ja-ja mai ɗan ƙaras, cikinta fari mai ƙananan ramuka, ka danna ta taso. Tsaminta kaɗan ne, mai daɗi. In tsamin ya kai ga yamutsa fuska, ƙullun ya wuce lokaci, a zafi nan da nan yake tashi. In ta yi rawaya-rawaya da gafi, kanwa ta yi yawa. Baya a ƙone ciki ɗanye, wuta ta yi yawa. In kuma ka matsa mai ya tsiyayo, tandar ba ta yi zafi ba aka zuba. A lissafa wa babba huɗu zuwa biyar, yaro biyu, wato ka sayi sittin ka huta. Kada a ƙulle ta a leda da zafinta, gumi za ta yi ta lanƙwame, a shimfiɗa takarda a cikin kula a jera ta. Miyar taushe kuma a ji kabewa da gyaɗa a cikinta, da ɗan tsamin yakuwa, ba ruwan alayyafo ba.

Manajan gidan abinci:

Jiran da ka sha da kuɗin da ya ƙaru duk maganinsu ɗaya: a gama magana kafin ranar. Mutum goma sha huɗu su shigo ba sanarwa, kowa ya kira nasa kala, babu kicin da ba zai rikice ba. Je ka ga manaja kwana biyu kafin, ku tsayar da kala biyu ko uku kawai, misali masa da taushe, tuwo da kuka, sai dafa-duka don yara. A zubo a manyan kwanuka kowa ya ɗiba, ya fi faranti-faranti sauri da auki.

A rubuta maka lissafi a takarda, ka tambayi abu huɗu: nama a ciki yake ko daban, akwai harajin VAT, akwai kuɗin sabis, nawa ne robar ɗaukar abinci. VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun 2020, wurare da yawa ba sa haɗa shi da farashin da ke takarda. Abincin dubu 75 harajinsa naira 5,625 ne. Don haka ka tsayar da abinci kusan nan, ragowar ta ruwa da lemo da abin da ba a rasa ba. Lemo ne ke fasa lissafi, saboda yara na miƙa hannu ana buɗewa. Ka ƙayyade adadi, ka ce kada a ƙara komai sai da bakinka.

Ka ba da rabin kuɗi, ka karɓi rasit, ka kira su in kun taso daga masallaci. Abincin da yake a shirye bai kamata ya wuce minti 15 zuwa 20 ba. Ka san sunan mai sabis ɗaya da zai tsaya muku, kuma ka riƙe tsabar kuɗi ko netwok zai ƙi a POS. Cikon kuɗin a teburin karɓar kuɗi za ka biya, ba a gaban baƙi ba. In yaron ya kyauta, ka ba shi na goro a hannunsa.

Wani ɗan rukuni:

Ni a ganina a kawo abincin gida cikin kuloli, a kafa rumfa a ƙofar gida. Ya fi arha, ya fi sirri.

Hajiya, Unguwar Jahun:

Maganar rumfa ba laifi, amma wanke-wanke da hayaniya a kan maijego za su sauka. Ɗana, in dai wajen za ka kai su, ga abin da samari ba sa lura da shi. Dattijo ba ya sakewa ya ci abinci ana kiɗa, ga talabijin na nuna rawa, ga hayaƙin shisha daga teburin gefe. Ka je wurin a irin lokacin da za ku zo ka ji da kunnenka. Nemi ɗaki ko lungu na daban, a ƙasa, ba mai hawa bene ba, saboda masu ciwon gwiwa. A raba zama, iyaye mata gefensu da labule ko ɗan nisa, don ba za su ɗage mayafi su ci tuwo da hannu a gaban maza ba. In wurin zai yarda a shimfiɗa darduma ko tabarma, da yawa sun fi son haka a kan doguwar kujera. A tanadi buta da wurin alwala da sallah, la'asar za ta iya riskarku. Ruwan wanke hannu da sabulu su riga abinci zuwa.

Tambayi matarka wa ke da hawan jini, wa ke da ciwon suga, a rage gishiri, a kawo yaji daban, masar wasu kuma ba suga. Kai kuma kada ka zauna ka sa hannu a kwano ɗaya da surukinka. Ka yi musu bismillah, ka ga komai ya iso, ka koma teburin matasa. Kuma a fara zuba na maijego da zafinsa a aika mata, uwarta za ta lura da wannan fiye da komai.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura nama: kaza, kifi ko na rago?

Mai girkin biki:

Farfesun rago, ƙanina. Yana shiga da masa, yana shiga da tuwo, dattawa kuma suna iya tauna shi in ya sha wuta kamar awa ɗaya da rabi. Yanka biyu ga kowane babba, ka faɗa musu adadin tun ranar oda. Gasasshen kifi yana cin minti 40 ko fiye, ga ƙaya ga yara, ka bar shi. Yara a ba su kaza, amma ka tsaga cinya ɗaya har ƙashi kafin a raba. In ka ga jini ko ruwa ja-ja, a mayar da ita wuta.