Shawara nake nema: tayar da tsohuwar Peugeot 504 akori-kura a gida

Abban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai 504 akori-kura ta mahaifinmu, haɗin Kaduna, mai fetur, giya huɗu. Tun da ya bar cin kasuwannin ƙauye take ajiye a bayan gida ƙarƙashin darbejiya. 'Yan gwangwan sun taya har sun gaji, na hana. So nake in tayar da ita da hannuna, Asabar da Lahadi, in riƙa kai taki gona da ɗebo amfani, amma kuma ina so ta yi kyan gani. Wani abokina ya ce in sauke injin in ɗora na Toyota, sannan in kai ta fenti. Ta ina zan fara?

Baba Mai Walda: Wa alaikumus salam. Yaro, ka bar maganar fenti tukuna. Shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Ka bi casis ɗin kana ƙwanƙwasawa tun daga bayan kan motar har ƙarshe. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji shi luƙus, ɓawo na zubo maka a fuska. Wurare uku nake fara dubawa: inda kunnuwan sifirin na baya suka kama casis, daɓen da direba ke ajiye ƙafa, da mazaunin batir, don ruwan batir ba ya barin ƙarfe. Tunda ka ce ƙarƙashin bishiya take, ka yaye ganyen da ya taru a gindin gilashin gaba ka gani, nan ruwan damina ke kwanciya. In daɓe ne ya huje, abu ne mai sauƙi, a yanka a sa faranti. In kunnen sifirin ne ya ruɓe, wannan ba aikin tsakar gida ba ne, ka nemi mai walda da ya san aikin casis.

Ɗan Kakuri: Baba ya gama magana. Ni kan injin zan tsaya. Kada ka taɓa shi da sunan canji. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a nan Kakuri, Kaduna, kuma 504 ba ta bar layin haɗawa ba sai bayan shekarar 2000, lokacin Faransa ta daɗe da daina ta. Shi ya sa har gobe in ka shiga Panteka a nan Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu kusan komai nata, kuma duk tsohon bakaniken da ya yi aiki a tasha ya san injin nan ciki da bai. Ka sa na Toyota, sai an sake mazaunin inji, an yi dabarar giyabos, an yanke furofela, an sake wayoyi, ga lambar inji ta saɓa da ta takardu. Ranar da ta lalace a hanya, mai Toyota ya ce ba tasa ba ce, mai Peugeot ma ya ce ba tasa ba ce.

Abban Khalifa: To Oga, in kawo batir in gwada kunna ta?

Ɗan Kakuri: A'a! Nan mutane ke kashe injin da bai mutu ba. Cire fulogai huɗun, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya jiƙa. Sannan ka sa sifana a fulin gaba ka juya da hannu. In ya juya, alhamdu lillahi. Ka zubar da tsohon baƙin mai, ka sake filta, ka sauke tanki a wanke, don fetur ɗin da ya shekara ya zama danƙo. Kafireto ma a kwance a wanke. Sai bayan nan batir.

In kuma har ta kai ga buɗe kan injin, ga abin da sababbin yara ba su sani ba. Silindodin injin nan hannun riga ne da ake zarewa, ruwa na zagaye su kai tsaye, akwai abin toshewa a gindin kowanne. Da zarar ka ɗage kan inji ba abin da ke danne su. Ka juya karanshaf a haka, fistin ya ɗago hannun rigar, gindin ya saki, ka mayar da komai ka ɗaure, sai ka ga ruwa a cikin baƙin mai kana ta zargin gaskit. Ana ɗage kan, ka samu kusoshi da manyan wasa ka danne bakin silindodin. Amfaninsa kuwa, in sun cinye ba sai an kai a rarake injin ba, sabon saiti na hannun riga da fistin da ringi kawai za ka saya.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne. Mu nan har yanzu ga su nan suna ɗaukar buhunan gero da awaki ranar kasuwa, wasu ma 404 ne, yayarta. Abin da ke ba su wahala zafi ne. Ka kai lagireto a buɗe a zuge shi, kada ka yarda da wankin tiyo. Kan injin alminiyon ne, ruwan rijiya mai gishiri na cin sa a hankali, don haka ruwan lagireto na galan za ka riƙa zubawa.

Na Ƙofar Ruwa: Ka cire tamostat ɗin ma, wannan ɗan abin da ke tare ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, ka huta. Na ƙasar sanyi ne.

Ɗan Kakuri: Alhaji, a nan ba na tare da kai. Lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi, toshewar lagireto da mataccen famfon ruwa ke sa ta. Ka cire shi, da asubar hunturu injin ya yi ta aiki a sanyaye yana shan mai. A sa sabo dai.

Na Ƙofar Ruwa: To, ku ne masu sifana, mu 'yan kasuwa ne. Bari in yi magana a kan abin da na sani. Ƙanena, kayan ƙarfe irin su fitila, bamba, hannun ƙofa, ƙofar baya, ka nemi na jikin tsohuwar mota, sun fi sababbin yanzu kauri. Amma duk abin da yake roba ka sayi sabo: tiyon birki, tiyon ruwa, robobin masta, bel, bushin. Kuma ka zo da tsohon a hannu a gwada, don ba kowane kayan 504 salun ke hawa akori-kura ba. Gaba ne suka yi kama, bayan kuwa daban, ita sifirin ganye gare ta da dunƙulallen aksul na ɗaukar kaya. Tayoyin da ke jikinta kuma a zubar ko da zanensu bai goge ba.

Maman Ilham: Ni ban san inji ba, amma na ga yadda irin wannan aikin ke ƙarewa. Maigidana ya kwance tasa gaba ɗaya rana guda, ƙofofi a zaure, kujeru a ɗakin yara, kusoshi a cikin kwanon da nake auna wake. Yara suka yi wasa da rabi. Abban Khalifa, don Allah ka kwance abu ɗaya, ka gama shi, ka mayar, sannan ka taɓa na gaba. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare kowace waya, kusoshin kowane wuri a leda daban da rubutu.

Baba Mai Walda: Hajiya ta fi mu gaskiya.

Abban Khalifa: Na gode ƙwarai. To gyare-gyaren zamani fa? Ba na son ta zama sai kallo, ina son in riƙa hawa.

Ɗan Kakuri: Waɗanda ba sa ɓata mota su ne nawa. A sauya kontak da na lantarki a cikin disfuto, ka huta da saiti kullum. A sa rile a fitilun gaba don su yi haske, mai riwaya ya bi tsofaffin wayoyin da ɓera ya ci. Giyabos mai giya biyar na 505 yana hawa injin nan, yana rage kuka da shan mai a babban titi, sai dai a auna furofela da mazaunin kafin ka biya kuɗi. In gona ce da cikin gari kawai, bar ta da huɗunta.

Injiniya Gas: Tunda aka cire tallafin fetur a 2023, ka yi tunanin iskar CNG, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya mota ta yi aiki da ita a madadin fetur. Injin kafireto na karɓarta ba wahala, kuma akori-kura na da wurin ɗaure tukunya a bayan kan mota. Za ta ci maka ɗan wurin kaya, ƙarfin ma ya ɗan ragu. Sharaɗi biyu: a cibiyar da aka amince da ita za a haɗa, da tukunyar asali, ba ta ƙirar mai walda ba, kuma ka tabbatar akwai gidan sayar da iskar kusa da kai.

Baba Mai Walda: Ko ni mai walda ba na ƙera tukunyar gas. Amma wannan duk sai birki ya kama tukuna. Fenti kuma shi ne na ƙarshe, kuma ka tsaya a kan mai fentin a kankare har ƙarfe, a sa jan fenti na hana tsatsa, kada ya lafta fila, wato ƙullin cike lotsa, a kan ruɓa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa fila ce.

Abban Khalifa: Na shiga ƙarƙashin ɗazu. Kunnuwan sifirin lafiya lau, daɓen direba ne ya huje kamar tafin hannu, mazaunin batir kuma ya tafi. Injin ya ƙi juyawa, na zuba man na bar shi.

Ɗan Kakuri: Kada ka sa masa dogon bututu ka danna da ƙarfi. Gaba kaɗan, baya kaɗan, kullum ka ƙara mai. In mako ya zagayo bai motsa ba, turo hoton ramukan fulogin mu gani kafin ka ɗage kan.