Ƙorafin Nura a kan farin ɓeransa da rigimar da ta biyo baya

Nura: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata takwas da suka wuce na sayi farin ɓera, irin wanda ake kiwo a keji, a hannun wani mai sayar da zomaye da tantabaru a nan cikin birni. Na tambaye shi ko guda ɗaya zai iya zama shi kaɗai, sai ya ce mini ai ɓera ba ya buƙatar komai sai ragowar tuwo. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Ɓeran kiwo dabba ce mai zaman tarayya, suna kwana a dunƙule wuri ɗaya, suna lasar jikin juna, shi ya sa tun 2008 dokar ƙasar Suwizalan ta hana a ajiye irin waɗannan dabbobi su kaɗai. Nawa kuwa tun wata na uku ya daina hawa igiyar da na ɗaura masa, ya koma lungun keji. Daga baya numfashinsa ya fara ƙara, wani jan ruwa mai kama da jini ya riƙa taruwa a gefen idonsa da hancinsa. Likitan dabbobi ya ce ba jini ba ne, ruwa ne da idonsa ke fitarwa idan jiki ya galabaita. Abin da na kashe a kan magani, da kuɗin Adaidaita Sahu zuwa asibiti, da shimfiɗar da dole a sauya kowane mako saboda zarnin fitsari yana tsananta ciwon huhunsu, da katakon da zai riƙa gwagwiya tunda haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, ya ninka kuɗin sayensa sau da yawa. Ya rasu ranar Talata da asuba a tafin hannuna. Abin da nake cewa shi ne, wanda ba zai iya ɗaukar nauyin biyu ba kada ya sayi ɗaya.

Malam Auwalu: Wa alaikumus salam. Nura, ka gyara kalmarka kafin mu je ko'ina. Ɗan Adam ne yake rasuwa, dabba kuwa mutuwa take yi. Kalmar da muke faɗa a kan iyayenmu ba za a ɗora ta a kan ɓera ba.

Zainab: Allah ya gafarta Malam, ni a fahimtata "rasu" daga "rasa" ta fito, wato abin da ke hannunka ya kuɓuce maka. Tunda Yaya Nura ya rasa abin da ya shaƙu da shi, ban ga inda ya saɓa wa harshe ba.

Malam Auwalu: Zainab, ba asalin kalma ake bi ba, yadda Hausawa ke amfani da ita ake bi. Ko dokin sarki ne ya faɗi, cewa ake yi ya mutu. Kuma wannan dabba tana cikin biyar ɗin da hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim ya halatta kashewa ko a cikin Harami, tare da hankaka da shirwa da kunama da kare mai cizo.

Zainab: Malam, a littattafan nan biyu kuma akwai hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Duk dabbar da mutum ya kulle a keji, nauyinta ya hau kansa.

Alhaji Sabi'u: 'Yata, kada ki haɗa kyanwa da ɓera. Shekara ashirin da biyu ina sayar da hatsi a Dawanau, na san irin ɓarnar da suke yi wa buhun gero cikin dare ɗaya. Mu muna sayen guba da tarko, wani kuma yana kai shi asibiti har yana yi masa ta'aziyya. Kun manta da zazzaɓin Lassa da ke kashe mutane har da likitoci?

Bashir: Ranka ya daɗe, a nan akwai gyara. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wani ɓeran daji mai nonuwa da yawa ne yake yaɗa shi, kuma jinsinsa daban yake da farin ɓeran da ake kiwo a ɗakunan bincike. Gafiya ma ai danginsu ce, amma a Tanzaniya ana horar da ita tana gano nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin majina.

Alhaji Sabi'u: Bashir, wannan karatun bokonku ne. Fari ko baƙi, sunansa ɓera. Kuma ba a tarbiyyar Kano yaro yake ce wa babba "akwai gyara" a bainar jama'a ba.

Bashir: Alhaji, ban yi nufin raini ba, amma Malam Auwalu ma da "ka gyara" ya fara, kuma babu wanda ya ce ya yi laifi.

Hajiya Rabi: Malam Auwalu ya haifi Nura, kai kuwa Alhaji ya haife ka, bambancin ke nan. Ni dai na rasa mijina bara, kuma da na karanta kalmar nan a kan ɓera sai da raina ya sosu. Nura, ka janye ta don Allah.

Zainab: Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Amma har yanzu babu wanda ya ce uffan a kan mutumin da ya yaudari Yaya Nura.

Alhaji Sabi'u: In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya aike shi saye?

Kabiru, mai kula da zaure: Jama'a, za mu tsaya haka. Abin da muhawarar ta nuna shi ne, manyanmu sun haɗu a kan cewa kalmar "rasu" ta ɗan Adam ce, kuma Malam Auwalu ya kawo hujja daga hadisi wadda ba a iya turewa ba. Alhaji Sabi'u, wanda ya fi kowa a nan sanin ɓera a aikace, ya tunatar da mu haɗarin cuta. Zainab da Bashir sun kawo wasu bayanai na ƙasashen waje, muna kuma jan hankalinsu a kan ladabin magana da na gaba.

Nura: Hajiya, na janye kalmar, ki yafe mini, ya mutu. Amma Yaya Kabiru, hadisin kyanwa ba bayanin ƙasar waje ba ne, kuma taƙaitawarka ba ta taɓa abin da na kawo ba. Jiya na wuce ta wurin mutumin nan na tarar da sauran 'yan'uwan ɓerana guda huɗu a keji ɗaya, a kwance kan juna, yana cinikin ɗaya daga ciki da wani yaro ɗan makarantar firamare. Na ce wa yaron ya haɗa biyu, maza ko mata zalla don kada su hayayyafa tunda cikinsu mako uku ne kawai, sai ya nuna mini kuɗin hannunsa, na guda ɗaya ne.